Anti Ikram da Kwamfutar Cikin Gida

Duk baƙon da ya daɗe a zauren gidanmu na Mandawari, sai idonsa ya kai kan wani ɗan rami a jikin bango, ƙasa-ƙasa, daidai gwiwar mai zama. Wasu su ce aikin ɓera ne, wasu su ce magudanar ruwa ce aka manta ba a toshe ba. Ba ko ɗaya. Baffa Ɗalha, ƙanin mahaifina, shi ya huda shi da hannunsa a shekarar da soja suka miƙa mulki, ya zura waya ta ciki, kuma saboda matarsa Anti Ikram ya yi. Na ji labarin daga bakin kowa a gidan, kowa da nasa ƙarin gishirin. Na ɗauki abin da bakinsu ya haɗu a kai, na haɗa da abin da na gani.

Anti Ikram 'yar gidan tsofaffin fataken Larabawa ce, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro sahara da raƙuma suka zauna a birni har suka manta hanyar komawa. Larabci bai rage mata ba sai na addu'a da ɗan abin da take faɗa in ta ƙone da mai. Kakarta ta yi cinikin turare da yadi shekara da shekaru ba tare da ta leƙa ƙofar gida ba, don haka ita a wurinta ba sabon abu ba ne mace ta yi sana'a daga tsakar gida. Ta gama sakandare, ta koyi buga tafireta, sannan aka kawo ta gidanmu. Gajera ce, mai saurin tafiya, mai dariya da dukan jikinta. Ba ta iya zama haka kawai. In babu abin yi sai ta kwance saƙar da ta gama ta sake. Ita ta koya wa gidanmu cin gurasa da safe, kuma alkakinta har yau ban ci irinsa ba.

Baffa Ɗalha kuwa ya yi karatun kwamfuta, ya yi aiki a wani ofis ya bari. Da farar hula suka karɓi mulki, sai gari ya cika da taro. Yau taron jam'iyya a mazaɓa, gobe walimar sabon kansila, jibi ƙungiyar matasa. Ga bukukuwa da sunaye da ba sa yankewa. Kowa yana neman abin zama. Babanmu, Alhaji Lawal, wanda shi ne babba a gidan kuma ɗan kasuwa ne a Kurmi, ya ga hanya. Ya sayo fararen kujerun roba da rumfuna da tabarmi, ya damƙa wa ƙaninsa ya riƙa ba da haya. Baffa ya kawo kwamfuta ya kafa a zaure, ya rubuta mata manhaja da kansa. Kowane taro yana da layinsa guda: sunan mai taro, rana, unguwar da za a kai kaya, yawan kujeru, yawan rumfa da tabarma. Da safe sai ya duba, ya gaya wa masu amalanke inda za su nufa.

Sai dai rabin kowane biki a hannun mata yake, kuma matan birni ba sa zama a zaure. Sai dai su yi aike ta bakin mazajensu. Mace ta ce kujera ɗari, kafin saƙo ya iso zaure ya koma hamsin. Ranar yini a ga gwaggonni a tsaye, a yi ta mita. Anti Ikram ce ta fara cewa, "Malam, ni fa matan nan wurina suke shigowa su yi ƙorafi. Tunda ni nake shan ƙorafin, ka ba ni aikin mana."

Haka aka yi. Baffa ya samo kwamfuta ta biyu, ya huda bango, ya haɗa su da waya, ya zama abin da aka rubuta a zaure ana ganinsa a ɗakinta, abin da ta rubuta shi ma yana gani. Baba bai so ba, amma bai hana ba. Kakarmu 'Yardada ta zo ta tsaya a kan abin, ta ce talabijin ce da ba ta da fara'a.

Anti ta koya cikin ɗan lokaci, don yatsunta sun riga sun san tafireta. Ɗakinta ya zama dandali. Mata su shigo, su kwance mayafi, a kawo musu ruwa, a yi gaisuwa, a tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan a zo kan magana. Mace ta faɗi abin da take so da bakinta, ta ga an rubuta a gabanta. Har daga Ƙofar Na'isa ake zuwa. Na sha ganin Anti da safe tana goge allon da gefen zanenta tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Ana haka cikin damina sai abin ya faru.

Wani Malam Ilu na Ƙofar Na'isa zai aurar da 'yarsa ranar Asabar, an riga an rubuta masa layinsa. Ranar Alhamis da safe sai maƙwabcinsa, ƙofa da ƙofa, ya rasu. Bayan jana'iza dattawa suka ce bai kamata a kafa rumfar biki a lungun da ake zaman makoki ba, a mai da ɗaurin auren gidan wan Malam Ilu a Ƙofar Dawanau. Daga maƙabarta bai tsaya ko'ina ba sai zaurenmu. Baffa ya buɗe layin, ya goge Ƙofar Na'isa ya sa Ƙofar Dawanau, ya adana a gabansa.

Ranar Asabar masu amalanke suka loda kaya bisa abin da ke kan allo, suka kai Ƙofar Na'isa.

Ranar ce kuma sadakar uku. Jama'a sun taru a lungu, tabarmi sun yi kaɗan, sai ga rumfuna da kujeru sun iso. Masu makoki suka ɗauka sadaka ce daga Alhaji Lawal. Suka taimaka aka kafa, suka zauna, liman ya sa shi a addu'a har da iyayensa. A can Ƙofar Dawanau kuwa, an ɗaura aure mutane suna tsaye a rana, tsofaffi a kan bencin mai shayi.

Wa zai je ya zare kujera daga ƙarƙashin mai makoki? Baba ya je Ƙofar Na'isa, ya amsa godiyar da bai nema ba, ya ce a bar kayan har a tashi. Daga nan ya wuce Ƙofar Dawanau ya ba Malam Ilu haƙuri, ya shanye maganganun da ba a saba gaya masa ba. Ya dawo gida bayan la'asar ko hularsa bai cire ba, ya ce a kira masa Baffa da Anti ɗakin 'Yardada.

"Ɗalha, ka sauya ko ba ka sauya ba?"

"Na sauya, Yaya. Malam Ilu yana tsaye a kaina."

"To wa ya mayar?"

Baffa ya sunkuyar da kai. "Kwamfuta ta nuna wanda ya adana layin daga ƙarshe. Daga cikin gida ne."

Anti tana durƙushe daga bakin ƙofa. Ta ce, "Yaya Alhaji, na taɓa layin, ban musa ba. Gwaggon amarya, Hajiya Ladi ta nan bayanmu, ta zo ta ce a ƙara wa mata kujeru. Kujeru kaɗai na ƙara. Unguwa ko kallonta ban yi ba."

"Wataƙila hannu ne ya goce," in ji Baffa a hankali. "Kwamfuta ba ta ƙarya, Ikram."

"To ni ce nake yi ke nan, Malam?"

Baba ya ce shi ba zai tsaya shari'a tsakanin mace da ƙarfe ba. Bukukuwan kafin azumi sun yi yawa, an riga an yi alkawari da mata, don haka a bar ta ta ƙarasa su. Amma daga an ga watan azumi, za a fitar da kwamfutar ciki a sayar, mata su koma aike kamar da.

Anti ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Yaya Alhaji." Ta tashi ta koma ɗakinta. Amma waƙar safe ta tsaya, kuma Baffa ya yi kwanaki yana cin tuwon da ba a yi masa sannu da zuwa a kansa ba.

Wadda ta warware zaren, Hajiya Ladi ce. Ta shigo jajanta wa Anti, tana cikin magana sai ta ce, "Ni abin da ya ba ni mamaki, ranar nan da na fito daga nan na ga keken Ilu a jingine a ƙofarku. Ashe ni da ƙanina muna gida ɗaya, bango ne kawai a tsakani. Ni a lokacin ko labarin rasuwar ban ji ba."

Anti ta ajiye kofin da ke hannunta. "Gwaggo, ranar nan mun daɗe kafin in rubuta, ko?"

"Yo ba ke kika tsare ni da labarin kayan lefe ba? Kin buɗe abin naki tun ina zama, ba ki taɓa shi ba sai da na yafa mayafi."

Da yamma Anti ta tari Baffa tun bai cire takalmi ba. Ta ce ya koma zaure, za su gwada wani abu. Ta sa aka buɗe layin ƙarya, aka rubuta bikin 'Yardada, za a kai kaya Ƙofar Na'isa. 'Yardada tana daga tabarmarta ta ce in dai angon yana da haƙora ta amince.

Anti ta buɗe layin a ɗakinta, ta bar shi a buɗe. Ta leƙo tsakar gida ta ɗaga murya, "Malam, sauya unguwa ka adana."

"Na sauya. Ƙofar Dawanau."

"To tsaya." Ta ƙara kujeru, ta adana. "Yanzu duba."

Jira ya yi tsawo har 'Yardada ta tambaya ko angon ne ya fasa. Can sai ga Baffa ya shigo yana sosa ƙeya. Unguwa ta koma Ƙofar Na'isa.

Shi ya yi mana bayani daga baya, kuma ga yadda na fahimta. In ka buɗe layi, kwamfutar tana ɗauko maka kwafinsa ne ta ajiye a gabanka. In ka danna adana, sai ta mayar da kwafin nan gaba ɗaya, ta shafe abin da ke can. Anti ta buɗe tun unguwa tana Ƙofar Na'isa. Baffa ya sauya tana tsakiyar hirar lefe. Da ta adana kujerunta, sai tsohuwar unguwar ta bi su ta danne sabuwar. Ba ta taɓa unguwa ba, shi ma ya sauya da gaske. Kowa gaskiya ya faɗa.

"Kwamfuta ba ta ƙarya," in ji Anti, tana kallon rufin ɗaki.

"Ba ta yi ba ai. Wanda ya rubuta mata manhaja ne bai yi tunani ba."

"Wane ne shi, Malam? Mun san shi?"

Baffa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ba ta haƙuri a gaban 'Yardada, abin da ba a saba gani ba a gidanmu. Washegari ya sami Baba ya ce laifin nasa ne, ba na Ikram ba.

Mun ɗauka magana ta ƙare. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji, kuma Ikram ta yafe mini. Amma ka ƙara tsorata ni. Da na ɗauka kuskuren hannu ne, ashe kowa zai iya yin daidai a kai kaya gidan makoki. Kwamfuta ɗaya ba ta musu da kanta. Maganata tana nan, daga an ga wata."

Wato an wanke Anti, amma ba a bar mata aikinta ba.

Baffa ya ce zai gyara. Dabararsa ta farko ita ce kulle. Duk wanda ya fara buɗe layi, layin ya zama nasa, ɗayan ba zai iya taɓawa ba sai an saki. A kan takarda abin ya yi kyau. Sai dai Baffa bai sa lissafin yadda ake ciniki a cikin gida ba. A zaure mutum yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan keke, a gama a sallame shi. A ciki kuwa, layi a buɗe za a yi gaisuwa, a yi shawarar anko, a tashi a duba tukunya, a yi sallah a dawo.

Kuma in taro ya matso, maza da mata na gida ɗaya sukan zo rana ɗaya, ba tare da sun shawarci juna ba. Wata Laraba wani Malam Musa ya zo a gurguje a kan taron sunan ɗansa, zai wuce kasuwa. Baffa ya danna, layi a kulle. Mahaifiyar Malam Musa tana ciki da tawagarta, sun kwance mayafai, Anti kuma ta tafi madafa mai yana kan wuta. Baffa ba shi da damar shiga. Ya yi sallama daga soro, hayaniya ta hana a ji. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya durƙusa ya kafa baki a ramin waya.

"Ikram, saki layin."

Ba a ji ba. Ya ƙara murya. "Ikram, don Allah saki layin!"

Daidai nan Baba ya shigo daga Kurmi, ya tarar da ƙaninsa, mai takardar shaidar karatu, a durƙushe yana roƙon bango. Ya tsaya ya kalle shi. Ya ce, "Wannan shi ne ci gaban?" Ya wuce ciki. Har yau akwai abokan Baffa da ke kiransa Saki-layi.

Ranar nan da yamma Baffa da Anti suna zaune a ƙofar ɗakinta, shi ya haɗa kai da gwiwa, ita tana jera alkaki a kwano. Sha'aban ya kusa kamawa.

"Malam, kullen nan ba zai yi ba. Ni ba na so a tsare ka saboda ni, kuma ba zan kori baƙuwa don in saki layi ba."

"To me kike so?"

"Kowa ya buɗe abinsa. Ni dai in na dawo zan adana, ta gaya mini an taɓa a bayana. Shi ke nan. Sai in duba sabon in yi gyarana a kai."

"Ta yaya za ta sani?"

"Yadda nake sanin an taɓa mini alkaki."

Baffa ya ɗago. "Wa yake taɓa miki alkaki?"

"Wani bawan Allah. Yana ɗauka ya gyara jerin, ya ɗauka ban sani ba. Bai san ina ƙirgawa kafin in rufe ba."

"Zato zunubi ne, Balarabiya."

"Akwai zuma a gemunka ranar Litinin."

Ya buɗe baki zai kare kansa, sai ya tsaya. Ya ce, "Ƙirga." Ya miƙe, ya ɗauki alkaki guda a gabanta ba ɓoyo, ya nufi zaure.

Abin da ya yi ba shi da wuyar ganewa. Ya ba kowane layi lamba tasa. Sabon layi lambarsa ɗaya. Duk sanda aka adana shi, lambar ta ƙaru da ɗaya. In ka buɗe layi yana kan huɗu, kwamfutar tana riƙe da cewa a kan huɗu ka ɗauka. Ka yi hirarka, ka yi sallarka, ba wanda ka tsare. In ka zo adanawa, sai ta duba. In har yanzu huɗu ne, ta karɓa ta mai da shi biyar. In ta tarar ya riga ya zama biyar, to wani ya taɓa a bayanka, sai ta ƙi karɓa, ta nuna maka sabon. Daga baya Baffa ya duba littattafan karatunsa ya ga ashe masu wannan sana'a sun daɗe da dabarar. Ya ce ko dai malaminsu ya tsallake shafin, ko kuma ranar shi ne ya tsallake ajin.

Saƙon da ya rubuta mata ta riƙa nunawa shi ne, "An taɓa wannan layin bayan kun buɗe shi. Ku duba sabon tukuna." Anti ta karanta ta ce ba tarbiyya. Dattijuwa za ta zauna a gabanta, na'ura ta yi mata magana haka gatsau? Sai da ta sa ya ƙara "Ku yi haƙuri" a farko.

Suka sake aurar da 'Yardada sau da yawa don gwaji. Ko wane ne ya riga, na biyun sai an tsayar da shi. 'Yardada ta ce ta gaji da biki, a bar ta ta huta a ɗakin miji.

Baffa ya kai wa Baba labari. Baba ya ce, "Wancan karon ma cewa ka yi ka gyara." Bai ko leƙa ba. Wani mai makaranta ma har ya zo ya ga kwamfutar, ya ce zai dawo ɗauka a farkon azumi. Anti ta ci gaba da karɓar mata da fara'arta, amma na lura ta fara gaya musu cewa bayan Sallah sai dai su yi aike.

Bikin ƙarshe kafin azumi namu ne, na yayata Nana Aisha. Shi ma an buɗe masa layi kamar na kowa. Ana saura kwanaki, Baba ya zauna a zaure da hantsi ya ce Baffa ya buɗe masa ya gani. Baffa ya buɗe. Kafin Baba ya yi magana sai ga sabon kansilan mazaɓarmu da mutanensa, sun zo neman kujerun taro. Aka tashi aka yi musafaha, aka tambayi iyali, aka taɓa siyasa, aka yi addu'ar Allah Ya sa mulkin nan ya ɗore. Layin Nana Aisha yana nan a buɗe.

Da suka tafi Baba ya dawo ya ce, "Kujerun matan nan sun yi yawa. Tsakar gidan nan nawa take? Rage hamsin."

Baffa ya rage, ya danna adana. Kwamfuta ta ƙi.

"Me ta ce?"

Baffa ya juya masa allon. Baba ya sa tabarau ya karanta a fili, kalma-kalma. "Ku yi haƙuri. An taɓa wannan layin bayan kun buɗe shi." Ya cire tabarau. "Har da ba ni haƙuri. Wa ya taɓa?"

Baffa ya buɗe sabon. Yinin mata ya tashi daga gidanmu ya koma gidan yayar mahaifiyarmu Umma a Ƙofar Na'isa, mai faffaɗar tsakar gida. Kujeru kuma sun kusa ninkawa.

Baba ya daɗe yana kallo. "Da ka adana nawa, me zai faru?"

"Da a da ne, Yaya, da naka ya danne nasu. Kaya su sauka a nan, mata suna can."

"Dangin ango a tsaye."

"A tsaye."

Baba ya miƙe ya shiga ciki, Baffa yana biye da shi. Ya yi sallama a ƙofar Anti, abin da bai taɓa yi ba tunda aka kawo kwamfutar. Umma tana zaune a bakin gado, Anti tana gaban allo. Suka gyara lulluɓi.

Baba ya dubi Umma. "Hajiya, yaushe aka mai da yini Ƙofar Na'isa?"

"Yanzun nan, Alhaji. Yaya ta aiko ta amince. Ina jira ka shigo cin abinci in gaya maka."

"Ni kuma ina waje ina rage kujeru."

"Ragewa?" Umma ta dube shi. "Danginku na Ƙofar Dawanau kaɗai sun cinye hamsin. A kaina za su zauna?"

"Su zo da tabarminsu."

"Kai za ka gaya wa Inna haka, ko ni?"

Daga tsakar gida 'Yardada ta ce ta ji, kuma ita kujera biyu take so, ɗaya ta zama ɗaya ta miƙe ƙafa. Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Suka yi ta ja, shi yana ragewa Umma tana ƙarawa, har suka tsaya a kan abin da Umma ta faɗa tun farko.

Sai Baba ya juya ya kalli kwamfutar. A kan tsohon akwatin aurenta take, an tokare gefe guda da katako don kada ta karkace.

"Ikram, a kan wannan kike aiki duk watannin nan?"

"Eh, Yaya Alhaji."

"Za ki tanƙware baya tun da ƙuruciya." Ya waiwayi Baffa. "Ɗalha, ka kira kafinta ya auna mata tebur. Mai aljihu. Da kujera mai jingina, ba ta roba ba."

Baffa ya ce, "Mai makarantar nan fa, Yaya?"

"Ka ce masa ya yi haƙuri. Ai kun iya ba da haƙuri."

Ya fita. Anti ta bi bayansa da godiya cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa, har ya shige soro. Da ta tabbata ya yi nisa, sai ta rungume Umma, ta saki guɗar da sai da tantabarun maƙwabta suka tashi. 'Yardada ta ce a adana sauran ta ranar biki.

Ranar yinin Nana Aisha kowace mace ta sami wurin zama. Teburin ya iso cikin azumi, ya fi ƙofar ɗakin faɗi, sai da aka cire masa ƙafa biyu aka shigar da shi aka mayar. A kansa Anti Ikram take aiki har yau. Yanzu ta ƙara da hayar manyan tukwane da kuloli, kuma 'yan matan unguwa suna zuwa wurinta koyon bugu bayan la'asar. Abu na farko da take koya musu shi ne, in saƙon nan ya fito kada su ji haushi, su karanta abin da ɗayan ya rubuta tukuna.